Akwatin Iyayen Fumie

Fumie ta tsaya a tsakiyar hawan tudu ta dafe ƙarfen gefen titi tana haki. Dillalin gidaje, Tsujimoto, ya riga ya yi gaba da jakarsa a hammata, yana ta zuba bayani bai ma san ya baro masu sauraro a baya ba. Mijinta Gidon kuwa sai ka ce an rage masa shekaru. Mutumin da a gida sai an yi da gaske yake tashi ya ɗebo wa kansa ruwa, yau shi ne ke haye tudun Kitano da sassarfa, 'yar hularsa mai kama da marfin kwano maƙale a ƙeya.

"Maman Noa, kin gani? Babu nisa," in ji shi, yana nuna wani gini can sama. "Waccan ita ce majami'ar. Daga gidan da za a nuna mana, ko da rarrafe na isa."

"Kai ka isa. Ni kam sai dai a kira mini motar asibiti."

Ya yi dariya ya dawo ya karɓi jakarta. Farkon damina ne, iska ta tsaya cak, rigarta ta manne mata a baya. Tun safe suke yawon ganin gidaje a Kobe, kuma ba jikinta kaɗai ne ya gaji ba.

Sama da shekara ashirin da aurensu, Fumie ba ta taɓa ganin addini ya hana Gidon komai ba. Cinikin lu'ulu'u ne ya kawo shi daga Haifa, ya aure ta, ya tare a gidan iyayenta a Tatsuno. Duk abin da aka zuba a kwano ci yake yi, ba ya tambayar naman mene ne. Ranar addu'ar tunawa da mahaifinta ma shi ke durƙusawa a sahun gaba har ƙafafunsa su sage. Sai a farkon sanyin da ya wuce mahaifinsa ya rasu. Su Yahudawa ba sa ajiye gawa, kafin jirginsa ya sauka an riga an rufe tsohon. Ya dawo da hula a ka da nauyi a wuya. A wajensu ɗa namiji ne ke yi wa uba addu'ar mamaci kusan shekara guda, kuma ba a yin ta sai maza goma sun taru. A duk wannan yankin wuri ɗaya ne ake samun goman, a majami'arsu da ke kan tudun nan, shi ma sai ranar Asabar. Asabar kuwa ita ce ranar da ba sa hawa mota ko jirgi. Saboda haka kowace Juma'a Gidon ke tattara kaya ya zo ya kwana a masauki, ya bar ta ita kaɗai a gida.

Ana cikin haka aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kan gidan Tatsuno, aka ce su tashi kafin ƙarshen wata. 'Yarsu Noa tana jami'a a Kyoto, ba abin da ya riƙe su. Gidon ya ce to ai shi ke nan, su koma kusa da mutanensa. Fumie ba ta musa ba, domin ta ga yadda yake ramewa.

Amma ita ma tana da nata mamatan. Ita kaɗai iyayenta suka haifa, don haka akwatin iyaye na gidansu ita ya faɗo wa. Baƙin katako ne mai sheƙi, ya kai tsayin mutum, cikinsa ruwan zinariya, da ɗan gunkin Buddha a sama da allunan sunayen uwarta da ubanta da kakanninta a jere. Kullum da safe sai ta kai musu ludayin farko na shinkafa da shayi, ta kunna turaren tsinke, ta buga 'yar ƙararrawa, ta ba su labarin gida har da na tsadar kifi. Irin wannan akwati ba a ɗaga shi haka kawai. Ranar Talata malamin haikalinsu ya zo ya yi karatu ya fitar da rayukan da ke ciki, sannan masu kwasar kaya suka naɗe shi da bargo suka kai ma'ajiyarsu. Da ta tambayi malamin ina iyayenta suke yanzu, ya ce mata, "Suna jira." Ya ajiye mata ranar Litinin zai zo sabon gida ya mayar da su, adireshi kawai yake so ta ba shi. Tun Talatar take farkawa ta tsaya da ludayi a hannu ba ta da inda za ta kai shi, kuma abin yana ci mata rai fiye da yadda take iya faɗa.

Da safen nan Tsujimoto ya nuna musu wani gida a Tarumi, mai fili, mai kallon teku, da gurbin da aka gina musamman don akwatin iyaye. Fumie ta shafa bangon gurbin ta ji kamar ta zauna nan ta ƙi tashi. Gidon kuwa ya duba taswira a wayarsa ya ce tafiyar rabin yini ce a ƙasa zuwa majami'a. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar Tarumi.

"Bismillanku, Maigida, Uwargida," in ji Tsujimoto, ya jera musu silifa a bakin ƙofa. "Hawa na biyu ne, ba ruwanku da lifta. Na san Maigida ba ya danna maɓalli ranar Asabar. Na sha sama wa mutanenku gida a unguwar nan, har na kusa haddace dokokin."

Ɗaki biyu ne da falo, sai ɗakin girki da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Tagar falo na kallon bayan wani gini. Tsujimoto ya buɗe ta ya ce iska na shigowa sosai, alhali ko labule bai motsa ba.

Fumie ta ciro wani zare daga jakarta. Ta auna akwatin da shi kafin a tafi da shi, ta ƙulla a daidai faɗinsa da tsayinsa. Ta shiga ɗakin kwana, gado zai cinye shi. Ta shiga ƙaramin ɗakin, rufin ya sunkuyo ta gefen da ya rage. Ta dawo falo ta miƙa zaren a bangon da ke fuskantar ƙofar shigowa, ya zauna daidai.

"Nan ne kaɗai," ta ce.

Gidon ya kalli bangon. Nan teburin cin abinci zai zauna, kuma ta san abin da yake hange. Ya sha faɗa mata cewa in sun tare zai riƙa gayyato mutanen majami'a cin abincin daren Juma'a, yadda suke gayyatarsa. Ga tsofaffi masu gemu sun turo ƙofa, abin da za su fara gani gunki ne da hayaƙin turare.

"Wannan kabad ɗin katifu fa?" ya ce a hankali. "Yana da zurfi."

"Uwata a cikin kabad ɗin katifu? Baban Noa, ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Tambaya na yi."

"Shekara nawa kana cin abinci a gabansa? Ya taɓa shaƙe ka?"

Sai ta ga fuskarsa ta washe, irin ta mutumin da ya ɓoye tsaraba a bayansa yana jiran lokacin fito da ita. Ya kama hannunta ya ja ta gefen taga.

"Kwantar da hankalinki, na riga na warware wannan. Shekaranjiya na kira wani malaminmu a Haifa na zayyana masa komai. Ya tambaye ni, malaminsu da kansa ya fitar da abin da ke ciki? Na ce da kansa, ina tsaye. Ya ce to ai ya zama katako. Ki ajiye shi a falo, nan inda kika auna, kowa ya gani, babu laifi." Ya matse hannunta. "Abu ɗaya ne kawai. Kada a mayar."

"Kada a mayar da me?"

"Abin da aka fitar."

Tsujimoto ya duba wayarsa da ba ta yi ƙara ba, ya ce a gafarce shi, ya fice baranda ya ja ƙofa.

Fumie ta zare hannunta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da gaske Gidon yake murna. Ya yi tsammanin kyauta ya kawo mata. Ya kwana biyu yana riƙe da ita, yana jiran ya ga ta yi murmushi.

"Abin da aka fitar," ta maimaita. "Uwata ce abin. Matar da ta koya maka riƙe tsinken cin abinci, ta riƙa cire maka ƙayar kifi kamar yaro. Ubana ne abin, wanda dangi suka yi wa ca a kan ya ba baƙo 'yarsa, ya ce shi ya ga mutum. Yanzu ka yi waya ƙasar da ba su taɓa takawa ba, wani da bai san sunansu ba ya ce a bar su a waje, ni kuma in zauna ina goge akwatin da babu kowa a ciki."

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? Da safe in kai wa wa shinkafa? Katako?"

Gidon ya zauna a ƙasa ya jingina da bangon, daidai inda ta auna. Ya cire hular ya juya ta a hannu, ya mayar.

"Ke kin wanke uwarki da hannunki. Kin riƙe hannun ubanki har ya cika. Ni na isa na tarar da tudun ƙasa. Shekarun nan duk yana kira yana cewa yaushe za ka zo, ina cewa bayan kasuwar bana. Wannan addu'ar ce kaɗai ta rage da zan yi masa, Fumie. Ina tsoron in tsaya in yi ta, in dawo gidan da malami ya ce mini bai halatta ba, ta zama ban yi komai ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Zuwa kaka ne kawai. Da kaka wa'adin zai cika. Daga nan ki kira malaminki, ki kira goma ma in kina so, ni zan dafa musu shayi."

Ta tsaya a kansa tana kallon inda gashinsa ya fara zubewa. Ta so ƙwarai a ce mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi. Amma mutum ne da ke kuka saboda ubansa, kuma ta san wannan kukan ciki da waje. Ga nasa mamacin, ga nata, ga gida mai ɗaki biyu. Ta ji falon ya ƙara matsewa.

Tsujimoto ya leƙo yana tari irin na ladabi. "Uwargida, ku yi haƙuri, ba gaggawa nake sa ku ba. Sai dai gobe da safe wasu Indiyawa masu lu'ulu'u za su zo gani, kuma a gefen nan na tudu babu wani gida da ya rage a hannun kowa. Mai gidan kuma tsohuwa ce, ta ce sunan ɗan ƙasa take so a takarda. Hatiminki ake bukata." Ya kalli taga. "Na ga kuma rana ta yi sanyi, ga shi yau Juma'a. Na san in ta faɗi hutun Asabar ya shiga, Maigida da harkar takarda sai jibi."

"Ba ni minti kaɗan," in ji Fumie.

Ta fita ta zauna a kan matakala ta kira malamin haikali. Tsoho ne da ya yi wa uwarta da ubanta karatun jana'iza, kuma tun tana 'yar makaranta yake tsokanarta.

"A'a, Fumie, an samu gidan? Faɗi in rubuta, bari in nemo tabarau."

"Malam, tambaya gare ni tukuna. In an fitar da su, har tsawon wane lokaci za su iya jira?"

"Ai ba kifi ba ne, 'yata, ba sa lalacewa. Mako guda, wata guda, duk ana yi. Me ya faru? Rufin gidan na yoyo?"

"Zuwa kaka fa?"

Ta ji ya ajiye alƙalaminsa.

"Kaka," ya ce. "Wato za su sha bikin dawowar mamata da ake yi kafin kaka a waje ke nan. Kowa ya kunna fitila ya tarbi nasa, naki su zo su rasa ƙofar shiga. Uwarki da ko motar haya ta yi latti sai direba ya ji a jikinsa." Ya yi 'yar dariya, sannan ya daina. "Ba a taɓa tambayata mai tsawo haka ba. Su dai za su jira, ba su da wani aiki. Ke nake ji. Mijin naki lafiya?"

"Lafiya lau. Yana makokin ubansa."

"To. Allah ya ba shi haƙuri. Ki yi shawara ki kira ni, Litinin ɗin tana nan."

Ta daɗe zaune da wayar a cinya. A ranta ta roƙi uwarta gafara, ta ce mata watanni ne kaɗan, nasa yana da ranar ƙarewa, ku naku babu, ku yi mini wannan. Ba ta ji an amsa ba, kuma dama a ina za a amsa. Ta tashi ta koma ciki. Tsujimoto ya shimfiɗa takardun a kan kantar ɗakin girki. Ta ciro hatiminta ta dangwala a jan tawada ta danna a duk inda yatsansa ya nuna. Gidon ya tsaya a bayanta, ta ji numfashinsa ya sauka.

"Zuwa kaka," ta ce ba tare da ta juyo ba.

"Zuwa kaka," ya ce.

Suna saukowa suka yi kiciɓis da wani tsoho a bakin titi, da sanda da farar riga, yana hawa a hankali yana hutawa. Gidon ya yi saurin tare shi ya ce wa Fumie wannan shi ne Baba Menashe, dattijon majami'a, a nan Kobe aka haife shi. Tsohon ya dubi Tsujimoto da ke rufe jaka, ya dubi Gidon.

"Kai, ɗan Haifa, kada ka ce mini an gama?"

"An gama, Baba. Yanzun nan."

Tsohon ya saki sandar ta faɗi, ya rungume shi ya sumbace shi a kumatu biyu. Sannan ya juyo ga Fumie ya rusuna mata irin rusunawar mutanen da, da harshen unguwa tsantsa a bakinsa.

"'Yata, ke kika yi mana wannan, na sani. Mata ne ke zaɓen gida, mu dai bi muke yi. Ba ki san abin da kika yi ba. Tun da abokina Shaul ya rasu muke tara. Tara! Kullum Asabar ina tsaye a ƙofa kamar maroƙi, ina leƙen masu yawon buɗe ido ko zan ga mai kama da mu. Yanzu mun samu na goma wanda ba jirgi zai hau ya gudu ba." Ya buga ƙirjin Gidon. "Kuma mabuɗin ginin ma na huta. Gwiwoyin nan sun gama aiki. Da kaka, in sabuwar shekararmu ta kama, shi zai riƙa buɗewa yana rufewa, baƙin Juma'a kuma a teburinku za su ci. Ni na yi shekara arba'in ina yi, shi ma sai an ɗauke shi a kafaɗa zai ajiye."

"Ya amsa zai karɓa?" in ji Fumie.

"Tun watan jiya! Cewa ya yi in bari sai ya samu gida tukuna."

Ta kalli Gidon. Ya sunkuya ya ɗauko wa tsohon sandarsa, ya tsaya yana kakkaɓe ta, sanda mai tsabta.

"Za mu yi magana," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Wallahi za mu yi magana. Ba yadda kike zato ba ne."

"Yaya nake zato?"

Rana ta kusa ɓuya bayan dutse, Baba Menashe na jan hannun rigarsa yana cewa za su makara. Gidon ya laluba aljihunsa ya ciro waya da jakar kuɗi da tikitin jirgi, abubuwan da ba ya riƙewa in hutun Asabar ya shiga, ya zuba mata a hannu.

"Riƙe mini. Gobe da dare zan dawo."

Suka juya suka ci gaba da hawa, tsohon na dogara da shi. Tsujimoto ya rusuna ya ce ya taya su murna, ya gangara abinsa. Fumie ta rage tsaye a gaban gidan da ta kama da sunanta, hannuwanta cike da kayan mijinta. Tana nan har ta ga sun shiga ginin can sama an mayar da ƙofa.

Wayarta ta yi ƙara. Sai da ta tura kayan cikin jaka sannan ta samu hannun ɗauka.

"Fumie, ni ne," in ji malamin haikali. "Yi haƙuri, wasu ne suka zo neman Litinin ɗin nan, na ce su dakata in ji daga gare ki."

"Ba su, Malam."

"To. Ke kuma wace rana zan rubuta miki? Farkon kaka ko ƙarshenta?"

Ta ɗaga kai ta kalli tagar hawa na biyu. Tsujimoto ya manta bai rufe ta ba.

"Kada ka rubuta komai tukuna," ta ce.